Daɓen da Ba Ya Riƙe Sawu

Ni ba uba ne ya rene ni ba, ba kuma uwa ba. Iya ce ta rene ni, mahaifiyar babana, a wani gida mai katangar ƙasa a bayan kasuwar Kurfi. Babana ya bar gida ina cikin ciki, ya ce zai je kudu neman abin yi ya dawo kafin suna. Aka yi suna, aka yaye ni, alƙali ya raba auren, mahaifiyata ta yi wani aure can wajen Kutawa, shi kuwa ko gaisuwa bai aiko ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin hirar dare mai daɗi. Hirar ta yi daɗi, ban musa ba, amma ba daɗi kaɗai ta bar mini ba.

Da kaka aka fi yin hirar, lokacin da aka shigo da wake. Ana idar da sallar isha'i Iya za ta tara kara da ɓawon wake a tsakar gida ta hura wuta, ta binne dankali a cikin toka, yaran maƙwabta su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar an yi shela. Iya ba ta ba da tatsuniya a banza. Kowa sai an dire masa ƙwaryar wake a gabansa, hannu na ɓara kunne na saurare, wanda ya tsaya da aiki kuma sai ya ji kara a gwiwa. Tana da tata hanyar buɗewa da ban taɓa ji a bakin wata tsohuwa ba. Takan buga itace a ƙasa ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso ba takalmi." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, mun share wuri." Idan ta gama sai ta karkaɗe zani ta ce, "Ta tahi, a share sawunta," wato ƙarya ce dai, kada wanda ya kwana da ita a rai.

Akwai ta kura, akwai ta 'yar sarkin da ta ƙi magana, akwai ta maƙerin da ya auri aljana. Duk muna son su. Guda ɗaya ce ba mu so, kuma ita Iya ta fi maimaitawa: tatsuniyar gida mai ƙofa biyu. Da ta fara ta za ka ga yara suna haɗa ido, wasu su tuna an aike su.

Ga yadda take. A wani gari wai suna da al'ada: idan mutum zai yi tafiya mai nisa, yana fita uwarsa za ta duƙa a ƙofar gida ta ɗebi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a tsumma, ta rataye a ɗaka. Muddin ƙullin nan na rataye, hanya ba ta isa ta cinye shi ba, ko ina ya je ƙafarsa za ta jawo shi gida. Ranar kuma ba a share ƙofar gida. To akwai wani sarki can bakin ruwa mai son gyaɗa da auduga da ƙarfin samari, amma duk wanda ya je masa sai ya dawo wurin uwarsa. Abin ya dame shi. Sai ya sa aka kamo maza daga ƙauyuka, kowane mai gari ya ba da nasa, aka ɗora musu duwatsu a ka, aka ce su gina masa gida a bayan gari, inda gonaki suka fara.

A nan ne Iya takan manta da mu. Muryarta ta sauka, idonta na kan wuta, ta shiga gini kamar ita ce magina.

"Daga ƙasa zuwa ƙugun mutum baƙin dutse ne," in ji ta, "an sassaƙe shi an jera, ko allura ba ta shiga tsakani. Daga nan zuwa sama jan bulo. Rufin kwano ne, ya zubo har waje ya yi inuwa, ga ginshiƙan ƙarfe sun riƙe shi, sirara, an shafe su da kore. Ba ɗakin kwana, ba madafi, ba rumbu. Ƙofa biyu kawai, ta shiga tana kallon gari, ta hita tana kallon dogo, hanyar jirgi. Ga wata 'yar taga da sandunan ƙarfe, mutum shina ciki ba ka ganin komi nashi sai hannu. Can gehe ga tulun ƙarfe bisa dogayen ƙafahu, wai nan jirgi ka shan ruwa."

"Iya, ki wuce wajen ginin mana," wani zai ce.

"Ka yi mani shiru, ɗan nema. Ginin shi ne labarin."

Sai ta zo kan daɓe. Iya gwanar daɓe ce, duk unguwa in za a kai amarya ita ake kira ta jagoranci mata da madaɓi da ruwan makuba, don haka ta san abin da take faɗa. Ta ce daɓen gidan nan ba irin namu ba ne. Namu a ɗaka yake tsayawa, ya bar tsakar gida da ƙofa su zama ƙasa. Wannan kuwa ya fito daga cikin gini, ya malale gaba har inda motoci ke tsayawa, ya malale baya har bakin dogo, fari fat, mai sanyi, ko giwa ta taka ba za a san ta wuce ba. Abin da sarkin ke so ke nan.

Sannan a shigo da matar. Wata mata ce mai ɗan fari, kuma kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, balle ta nuna ta damu da shi. Ranar da zai tafi ƙofar gida ta cika da masu sallama. Ta leƙo ta ga sawunsa ɓaro-ɓaro a ƙasa, ta ga idon maƙwabta, kunya ta riƙe mata ƙugu ta kasa duƙawa. Sai ta yi dabara. Ta ce ai ita ma tana da 'yar'uwa a can kusa da gida mai ƙofa biyu, bari ta bi motar ta gaishe ta. Nufinta in sun isa inda ba wanda ya san ɗanta ne, ta ɗebi sawun hankali kwance, na ƙarshe ma, wanda ya fi ƙarfi. Ta zauna a ƙuryar mota, shi yana can baki, kamar ba su san juna ba har suka isa.

Motar ta tsaya a kan daɓe. Yaron ya diro a kan daɓe. Ya shiga ta ƙofar gari ya fita ta ƙofar dogo, tana biye tana kallon ƙafarsa, ba inda ya taka ƙasa. Aka buga wani guntun ƙarfe da ke rataye a jikin ginshiƙi, jirgi ya iso yana huci, yaron ya hau. Bai waiwayo ba, don shi ma an koya masa kunya. Da wurin ya watse sai matar ta durƙusa inda ya tsaya tana shafa daɓen da tafin hannu, tana kankara da farce. Ba ta samu komai ba. Ta ƙulle tsummanta haka nan ta koma gida, ta tarar iska da awaki da yara sun gama da sawun ƙofa.

A nan Iya takan tsaya. Kullum sai an samu mai tambaya, "To ya dawo?" Ita kuma kullum amsarta ɗaya: "Dankalinku ya ƙone, ku tono." Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da a share sawunta ba. Mu a lokacin mun ɗauka mantuwa ce ta tsufa, har muna yi mata tsiya cewa ta ci rabin labarin da goro.

Na fara tasawa lokacin da na gane. A ɗakin Iya akwai wani ƙulli baƙi ƙirin da hayaƙi, rataye a jikin azara daidai kan gadonta. Wata rana tana maƙwabta na taka turmi na ciro shi, ina zaton kanwa ce ko wani abin lasa. Na kwance, ba komai a ciki, tsumma ne kawai. Ban ji shigowarta ba sai saukar mari. Iya ba ta taɓa dukana da hannu ba sai ranar. Ta karɓe, ta mayar da ƙullin yadda yake, ta hau turmin da kanta ta rataye, ta fita.

Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ita ta same ni a bayan rumbu ina kuka. Ta ce, "Ke Rabi, halan ba ki da kunne? Shekara nawa tana ba ku labarin ga? Matar nan ita ce. Yaron ko ubanki ne, Lawal." Ta ce gida mai ƙofa biyu wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a bayan gari can ta wajen Funtua, don mu nan Kurfi da Dutsin-Ma dogo bai taɓa biyowa ta kanmu ba, mai son jirgi sai ya yi wuni a mota. Ta ce maganar kamo maza ma ba ƙarya ba ce. A zamanin Turawa mahaifin Iya na cikin waɗanda aka tura ɗaukar dutse, ya dawo da tabo a tsakar ka inda gashi bai sake fitowa ba. Shi ya riƙa ba su labarin ginin tun suna yara, dutse da bulo da ginshiƙai, har Iya ta haddace shi kafin ta gan shi. Daɓen ne kawai bai taɓa ambata ba. Namiji ina ruwansa da daɓe.

Daga ranar na daina haɗa ido da yara idan ta fara. Nakan sunkuyar da kai in yi ta ɓarar wake, ina jin haushin wani gini da ban taɓa gani ba. Na tsane shi tsana ta gaske. A raina shi ya hana ni uba, shi ya sa ranar sallah yara ke riƙe da hannun iyayensu ni ina riƙe da gefen zanen tsohuwa. Malamin makarantar allonmu ya sha faɗa cewa ɗibar sawu camfi ne, dawowa da rashinta na Allah ne, na kuma yarda da shi a baki. Amma ya fi mini sauƙi in zargi siminti.

Sai da na yi aure a Dutsin-Ma, na fara koyarwa a firamare, sannan labari ya same ni ta bakin wani direba mai kai shanu kudu. Ya ga babana. Yana nan lafiyarsa lau a wata kasuwa, da rumfarsa da matarsa da 'ya'ya, har ya yi tumbi. Na taho Kurfi a fusace na faɗa wa Iya. Ko gezau ba ta yi ba. Ashe ta sani tun ina goye, ba direba ɗaya ba ne ya gaya mata.

"Ba laihinshi ba ne," ta ce. Ko a ranar ba ta kama sunansa ba. "Wanda ba a riƙe ma sawu ba, ta ina za shi gane hanya? Ni ce ban duƙa ba."

Na ce, "Iya, direbobin nan da ke zuwa suna dawowa, duk uwayensu ne suka ɗebar musu ƙasa?"

Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Bayan wasu shekaru biki ya kai ni wajen Funtua, na saci jiki na hau ɗan acaɓa na ce ya kai ni tsohuwar tasha. Sai da ya tambayi wani dattijo kafin ya gane inda nake nufi. Gonakin da Iya ke faɗa babu su, gari ya zo ya kewaye wurin, shaguna da gidaje har jikin dogo. Amma ina hango shi na gane shi. Baƙin dutse zuwa ƙugu, jan bulo zuwa sama, ginshiƙai sirara da ragowar koren fenti, 'yar taga da sandunanta. Ban ga inda ta ƙara ba, ban ga inda ta rage ba, mace da ta ga wuri sau ɗaya tana cikin tashin hankali. Abin da ya ba ni haushi shi ne ƙanƙantarsa. Ginin da ya cika mini ƙuruciya bai kai ajin da nake koyarwa biyu ba. Iska ta yaye rabin kwanon, tankin ruwan ya huje, masu gyaran babur sun kafa sana'a a barandar, wata mata na suyar awara a bakin ƙofar dogo. Jirgi ya daɗe da daina tsayawa.

Na duba ƙasa. Daɓen ya farfashe, tumfafiya ta fito ta cikin tsagogin, ruwan damina ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kai. Ko'ina sawu ne. Na awaki, na kaji, na yara marasa takalmi, har da nawa da na shigo da shi. Na tsaya a wurin ina jin kamar in yi ihu, mai awara na tambayata ko ta nawa za a sa mini.

Lokacin Iya ta kwanta, ba ta fita ko tsakar gida. Na zauna a bakin gadonta na ce na je na gani. Ta riƙo hannuna ta shiga tambaya, dutsen na nan, tagar na nan, ƙarfen da ake bugawa fa. Can ta ce, "Daɓen hwa?" Na yi niyyar yi mata ƙarya, bakina ya riga ni. Na ce ya fashe, ƙasa ta rufe shi, kowa ya taka sai ya bar sawu. Ta daɗe tana kallon ƙullin da ke kan azara. Sannan ta ce, "Sai yanzu?" Ta juya fuska bango. Ba ta sake ba da tatsuniyar ba har ta rasu.

Babana ya zo. An watse daga zaman makoki, har an mayar da tabarmin aro, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Wani dattijo fari tas da furfura, da babbar riga mai aiki da takalmi sau-ciki, ya yi sallama ya shigo har tsakar gida. Gwaggo Asabe ta saki muciya ta fashe da kuka. Ya leƙa ɗakin Iya daga bakin ƙofa, ya yi addu'a gajeriya, ya juyo ya gan ni tsaye da ɗana na goye.

"Wannan fa?" ya tambayi Gwaggo.

"Ɗiyarka ce, Yaya. Rabi."

"Allah sarki. An girma."

Abin da ubana ya taɓa ce mini ke nan a duniya. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya kurɓi ruwa, ya ce ya so zuwa tuntuni, to amma mun san yadda abubuwa suke, ga shi jirgin ma ya daina zuwa. Mutumin da ya zo a mota, motar na ƙofar gida injinta bai huce ba. Kafin azahar ya ce zai koma, hanya ba kyau in yamma ta yi.

An yi ruwa da asuba ranar, tsakar gidan ta yi laushi. Da ƙarar motar ta ɓace muka ga abin da ya bari: sawunsa a jere, daga ƙofar ɗakin Iya har zaure, kowanne ya fito da zanen takalmin raɗau. Gwaggo ta shiga ɗaki da sauri, ta zunguro ƙullin da sanda, ta fito tana kwance shi.

"Rabi, gwiwata ba ta lanƙwasuwa. Duƙa ki ɗebo mata. Don Allah ki ɗebo mata, ko ta samu abin da ta rasa."

Na kalli tsumman, na kalli sawun. Abin da tsohuwar nan ta kankari siminti da farce tana nema, abin da ta yi rayuwa tana tuhumar kanta a kansa, ga shi an zubar mana a banza bayan an rufe ta da ƙasa. Na duƙa, amma tsintsiya na ɗauka. Na fara daga ƙofar ɗakinta na bi su ɗaya bayan ɗaya har waje, Gwaggo na bina tana kiran sunana tana cewa ba a shara bayan matafiyi. Na ce na sani. Bai sake zuwa ba, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne mugun sarki da mugun gini. Yanzu na san ginin bai yi wa kowa komai ba, dutse ne da bulo da kakanninmu suka ɗauka a ka. Iya ta gina nata a kan wancan, ta yi shekaru tana jera shi a gaban wuta, don ta samu inda za ta ajiye laifin ɗanta ba tare da ya taɓa shi ba. Ta ɗora rabi a kan daɓe, ta ɗauki rabi, shi ta bar shi fes. Ina sonta fiye da kowa, amma wannan ban yafe mata da sauƙi ba, don ni ma ta sa na girma ina jin haushin siminti maimakon mutum. Kunyar da ta hana ta duƙawa kuwa ban gaje ta ba. Ranar da ɗan farina zai tafi karatu, a tsakiyar tashar motar Dutsin-Ma na riƙe hannunsa, na kira sunansa da ƙarfi, na ce ya dawo mini. Mata suka yi ta salati wai ba ni da ta ido. Ban kula su ba.

Yanzu ni ce mai jikoki. Idan an ɗauke wuta suka ajiye waya suka taru a kaina, nakan ba su ta gida mai ƙofa biyu, kuma nakan ji kaina ina jera dutse da bulo da ginshiƙai da muryar da ba tawa ba, su ma suna cewa in wuce wajen ginin. A ƙarshe ba a rasa mai tambaya ko ya dawo. Ni ba na tura su tonon dankali. Nakan ce ya dawo, da ƙafarsa da lafiyarsa, ya tarar ta mutu tana jiransa. Sannan in karkaɗe zanina in faɗi abin da Iya ta kasa faɗa: ta tafi, a share sawunta.